Injin da Na Haɗa wa Hannun Baba

Da daminar 1969 ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Yana zaune a rumfarsa ta bayan gidanmu a Akwatialine, yana gugar allo, sai Mma, mahaifiyata, ta ga allon ya sulale daga cinyarsa, ya kuma kasa ɗauka. Bayan wata biyu ƙafar ta dawo, har yana jan ta zuwa masallaci da sanda. Bakin kuwa shi ya fara dawowa, don bakin Baba bai san jinya ba. Hannun ne ya ƙi. Yana ɗaguwa daga kafaɗa, amma yatsun ba sa riƙe ko cokali.

Baba masassaƙi ne. Shekara arba'in ya yi a Kumasi yana yin kujerun mata da muciya da allo, amma da allo aka san shi. Malamai daga Tafo suke shiga trotro, motar haya, su zo nema, su wuce masu allo uku a hanya. Shi a wurinsa fitar da siffar allo ba gwaninta ba ce, kowane mai zarto zai iya. Gwanintar tana wajen guga. Yakan fara da wani ganye mai kaushi da Tonawa, mutanen ƙasar, ke kira nyankyerene, ya bi da samfefa, har sai allon ya yi santsin da alƙalami ba zai yi tuntuɓe ba, tawada kuma ba za ta nashe ba.

Ni ban gaje shi ba. Na tafi Magazine, unguwar makanikai, na koyi gyaran mota, na zama fita, kamar yadda ake kiran makaniki a nan. Baba bai taɓa yafe mini wannan ba. Ina da shekara ashirin da tara, da mata da 'ya'ya biyu, amma in zai kira ni sai ya ce, "Fita." Ya kuma iya jan kalmar yadda ba zan gane ba ko kirana yake ko korata yake daga ɗaki.

Cikin azumin shekarar aka yi sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Wanda bai ga Zongo, unguwarmu ta baƙi, a kwanakin nan ba, ba zai gane ba. Mutane suna sayar da gado da keken ɗinki a kan abin da bai kai ya kawo ba, manyan motoci suna lodi a bakin titi. Ni a nan aka haife ni, amma Baba daga wajen Tawa ya zo, a ƙasar Nijar. Na yi sintiri ofis-ofis da bakin azumi har takalmina ya tsinke, Allah ya taimake ni na samo masa takarda. Na kawo masa ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Ya karɓa da hagu, ya tura ƙarƙashin buzu.

Bayan ƙaramar salla muna cin tuwo sai ya ce, "In an yi layya zan bi Alhaji gida."

Alhajin nan abokinsa ne tun ƙuruciya, ɗan garinsu, dillalin shanu. Shi ya yanke shawarar tafiya, yana jiran ya sayar da ragunansa na ƙarshe ne kawai. Mma ta ajiye marar da ke hannunta.

Na ce, "Baba, takarda fa na samo."

"Takarda ta ce in zauna. Ta ce in yi me?"

"Ka huta. Ai ka yi aiki."

"Baƙon da ba ya aiki kaya ne. Da hannu na zo ƙasar nan, hannun ya tafi. Me nake jira?"

Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, a wurinsa ma na gaje ta. Na ce masa kwana huɗu a bayan babbar mota, mutum da rabin jiki, ba gida zai je ba, kabari zai je. Na ce wa ya rage masa a can in ba kushewa ba. Mma tana ta zungurina da ƙafa, ban yi shiru ba. Ya bari na gama sarai, ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Fita." Ya sa aka ɗauko akwatinsa daga bisa rufi aka kakkaɓe.

Tsoro ya kama ni, gaskiya ke nan. Na san in ya hau motar nan ba zan sake ganinsa ba, kuma na san Mma za ta bi shi ko da kuka.

Cikin makon nan aka aike ni gyaran motar wani Kwara, Balarabe mai shagon kujeru. Ina kwance ƙarƙashin motar sai na ji wani inji yana gurnani a ciki. Na leƙa. Bel ne na samfefa yana zagaya ganga biyu, ma'aikacin yana kara katako kawai, gari yana zuba. Abin da Baba zai wuni a kansa, kafin in goge hannuna an gama. Na tsaya ina kallo har Kwaran ya tambaye ni ko motar tasa cikin shagon take. A hanyar dawowa na ce wa kaina, mene ne a ciki? Inji ne da ganga biyu da bel. In na iya kwance giyar mota in mayar, wannan ba zai gagare ni ba.

Na fara tara kaya. A juji na Magazine na tsinci injin famfon ruwa mai aiki da lantarki, wani abokina ya sake naɗa masa waya. Ƙarafan tsohon gado na yanka na yi ƙafafu. Boris ɗin da ganga za ta juya a kai na ciro daga motar da ta mutu. Bel ɗin kuwa ba a sayar da irinsa inda talaka zai saya, sai na yanko tamfol na babbar mota, na ɗinke, na manna masa samfefa falle-falle da gam ɗin da na dafa daga guntayen fata da ƙofato na mayanka. Warin gam ɗin nan ya kori kajin maƙwabta. Mma mai koko ce, a tsakar gidan take tace ƙullu, ta ce in masu saye suka ji wannan wari a kokonta, ni da injin duka za ta zuba a kwata.

A rumfar Baba nake aikin, da la'asar in na dawo, da kuma ranar Lahadi. Shi yana kishingiɗe a buzu, ya juya mini baya, yana jan carbi. Bai tambaye ni abin da nake yi ba, ni ma ban faɗa ba. Mun yi kunnen uwar shegu da juna kusan wata guda.

Ranar da na fara kunnawa, bel ɗin ya yi zagaye bai fi biyar ba, ya zame daga ganga, ya yi tsalle ya tsallake igiyar shanya, ya faɗa tsundum cikin ƙullun Mma. Abin da ta faɗa mini ba zan rubuta ba. Na wanke, na shanya, na mayar, ya sake zamewa. Na ɗaure, na sassauta, na karkata ganga, duk a banza. Kwana uku ina wannan fama. Rana ta huɗu na jefar da sifana, na zauna a ƙasa ina huci.

Sai na ji daga buzu, "Fita."

"Na'am, Baba."

"Da wane ice ka yi gangar nan?"

Akwai wani farin katako mai laushi da Tonawa ke kira wawa, shi ne mai araha a kasuwar katako. Na ce, "Wawa ne."

Ya ce, "To, kun haɗu."

Mma ta ƙyalƙyale da dariya a bakin murhu. Rabona da jin dariyarta tun damina. Baba bai juyo ba, ya ci gaba: "Ka nemo odum, shi ba ya cinyewa. Kuma ka yi mata tumbi. Ba ka taɓa duba gangar injin niƙa ba? Tsakiya ta fi gefe tudu. Bel tudu yake bi, kamar ɗan akuya."

Ashe duk watan nan da kunne yake kallona. Na samo odum, na kai wa wani mai injin juya katako, ya fitar mini da ganguna biyu masu ɗan tumbi. Na naɗe su da tif na keke don su kama. Baba ya kuma ce mahaɗin bel ɗin a karkace ake yanka shi, in ba haka ba duk zagaye sai ya bar tabo a katako. Na yi yadda ya ce. Da na kunna, bel ya hau tsakiya ya zauna daram, yana gudu ba ko gezau. Na kara guntun katako, gari ya zubo mini a ƙafa. Ranar na ci tuwo malmala uku.

Daga nan na shiga gyara shi don Baba. Na yi tunani, a ganina mai kyau: hannun hagu ne mai lafiya, to komai ya koma hagu. Na tsayar da bel ɗin a tsaye ta ɓangaren hagunsa, na yi maƙalli mai mariƙi wanda zai damƙi allo, na sa makunni inda babban yatsansa na hagu zai kai. Na yanko alluna shida da zarto na jera. Saura kwana goma sha biyu layya.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kira shi, ga Alhaji ya biyo mu gida, ga maƙwabta biyu. Na kunna, na yi bayani kamar mai tallar magani. Baba ya zagaya injin da sandarsa, ya duba gangar, ya gyaɗa kai. Zuciyata ta yi fari. Sai ya tsaya a kan mariƙin.

"Wannan na wane hannu ne?"

"Na hagu, Baba. Ai shi ne mai lafiya."

Ya ce, a hankali, "Allon da za a rubuta sunan Allah a kansa, in goge shi da hannun da nake tsarki?"

Na ce lalura ce, kowane malami zai ce ya halatta. Na ce a kira liman yanzu a tambaye shi.

"Ban ce haramun ba ne. Na ce ba zan yi ba. Shekara arba'in hagu tana riƙewa, dama tana aiki. Ko Batone mai sayar da rogo ba ya karɓar kuɗi da hagu, sai ni zan miƙa wa malami allon hagu?"

Ya juya ya koma buzunsa. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana," wanda ya fi mini zagi ciwo. Da suka watse na kai wa injin shuri. Ƙarfen gado ne, bai ji komai ba, ni na yi kwana uku ina ɗingishi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan. A gidan nan aka doke mini hannu ina yaro don na miƙa gishiri da hagu. Na zauna cikin ƙarafa har na manta waye ubana.

Kwana biyu ban shiga rumfar ba. An riga an ɗaure akwatin da igiya, an ajiye shi a zaure, kowa ya wuce sai ya kauce masa. Mma ta fara rarraba tukwanenta ga maƙwabta.

Ita ce ta same ni a bakin famfo da safe. Kullum takan shafa wa hannun Baba man shanu ta murza. Ta ce, "Kai da kake ta fushi, ka taɓa riƙe hannun nan?"

Na ce a'a.

"To ni ina riƙe shi kullum. Bai mutu ba. Ba ya damƙa, amma yana dannawa. In na murza inda ke masa zafi, sai ya danne mini gwiwa har in ji a ƙashi."

Na bar bokitin yana ambaliya na nufi rumfa. Ba ya damƙa, yana dannawa. To me ya sa sai ya damƙa? In bel ɗin yana kwance kamar tabarma, aka ɗora allo a kai, aka sa ƙarfe a ƙarshe ya tare shi kada ya gudu, ai ba abin da ake so sai nauyin tafin hannu.

Na je na ce wa maigidana a Magazine ba zai gan ni ba sai bayan salla. Ya ce in na tafi kada in dawo. Na ce to, na san bakinsa ne, ba shi da wanda ya iya gyaran giyar mota kamata. Na kwance injin kaf. Na yanke ƙafafun ya dawo daidai gwiwar mutumin da ke zaune a kujera 'yar tsugunne. Na kwantar da bel, na shimfiɗa faranti na ƙarfe a ƙarƙashinsa don kada ya lotsa, na kafa matari a ƙarshe. Na canza kurar da ke jan sa don gudun ya ragu. Na kuma yanko fatar ragon bara na yi ɗan matashi da za a ɗora a bayan allo, yadda tafin hannu ba zai zame ba. Komai na mayar da shi dama. Ranar salla ma da baƙin mai a farcena na je idi.

Na gama ran Juma'a da hantsi, kwana kaɗan bayan layya. Motar Alhaji za ta tashi Asabar da sassafe. Wannan karon ban kira kowa ba, ban yi wa kowa bayani ba. Na zauna a kujerar, na ɗora allo, na kunna, na fara guga. Ba da gangan na ɓata ba, Allah ya sani, iyawata ke nan. Na danna gefe ɗaya da yawa, allon ya fara cinyewa ta kusurwa, ƙarar ta canza.

Baba ya jure, ya jure. Na ji carbin ya tsaya.

"Kana kashe allon nan."

Na ƙara dannawa.

"Fita." Wannan karon ban yi shakka ba, korata yake. Na tashi na ba shi wuri.

Ya jawo ƙafa ya zauna. Ya dubi injin, ya ga inda matashin yake, ya ga ta wane ɓangare bel ke tafiya. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya sa hagu ya tallabo hannun dama, ya ɗora shi a bayan sabon allo, ya yi bisimilla. Hagu ta koma gefe ta riƙe baki, aikinta na da.

Da farko allon ya yi rawa. Sai na ga kafaɗarsa ta sauko, ƙarar ta daidaita, gari ya fara zuba fari tas a kan ƙafafunsa. Ya karkata kaɗan, ya saki, ya sake dannawa, ya juya allon ya bi ɗaya fuskar. Hannun da wata takwas yake rataye kamar ba nasa ba, shi ne yake aiki a gabana. Mma ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Ni kuwa na jingina da ginshiƙin rumfa. Na gyara motoci ba iyaka kafin ranar da bayanta, amma ban taɓa jin daɗin abin da hannuna ya haɗa kamar na wannan hantsi ba, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika.

Da ya gama ya ɗaga allon. Yatsun ba sa jin santsi yanzu, sai ya goga shi a kumatunsa, sama da ƙasa, ya lumshe ido. Ya ajiye, ya miƙa hagu ya jawo na biyu.

Yana kan na huɗu Alhaji ya yi sallama, ya zo ɗaukar akwatin don a yi lodi tun da rana. Ya tsaya a bakin rumfa yana kallo, gari yana sauka a babbar rigarsa. Ya ce, "Malam, direba yana jiran kaya."

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Fita, samfefar nan ta yi kaushi, ta farko ce kawai. Ranar Litinin ka sayo mai laushi, ka yi mini bel na biyu. Kuma katakon nan naka ɗanye ne, ranar Laraba ni da kaina zan je in zaɓo."

Na ce, "To, Baba."

Alhaji ya daɗe a tsaye. Sun san juna tun suna kiwon awaki, ba sai an yi masa fassara ba. Ya matso ya tsuguna, Baba ya sa na kashe injin. Ya tallabo hannun daman ya ɗora a tafin abokinsa, da garin katakon da komai, suka daɗe a haka. Ba su sake ganin juna ba a duniya, ina jin duka biyun sun san haka.

Alhaji ya ce, "In sun tambaye ni kai fa, me zan ce musu?"

Baba ya ce, "Ka gaishe su. Ka ce aiki ya riƙe ni."